Yadda Lojik Ya Kai Ni Geceme Neman Aure

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da na koyi lojik ba, don a cikinta ne na tafka wautar da har yau in na tuna sai na ji kunnuwana sun ɗauki zafi. Kuma ban yi ta a ɓoye ba. A gaban dattawa na yi ta, ina zaune bisa tabarma, cikin babbar rigar aro.

Lokacin na dawo gida Dogon Dutsi daga jami'a, ga takarda a hannu, babu aiki. Da safe in sha koko, in tafi fada, wato majalisar samari, in sha shayi, in dawo in ci tuwon da ban nema ba. Ana haka aka ce za a yi konkur, wato jarrabawar ɗaukar ma'aikatan gwamnati, wadda jama'a ke tururuwa a kai sannan a tsinci ƴan kaɗan. Wani tsohon malamin lissafi a unguwarmu, Mushe Gado (mushe muke ce wa malamin boko), ya kafa allo ƙarƙashin rumfar gidansa yana koyar da masu shiri bayan la'asar. Na shiga.

Abin da ya fi ba da ƙarfi a kai shi ne lojik, tambayoyin gwada tunani. Iri biyu ne. Na farko, a ba ka magana biyu a ce ka fitar da ta uku: duk tunkiya tana da ƙafa huɗu, jakin maƙwabci yana da ƙafa huɗu, shin jakin tunkiya ne? Ka yi dariya, amma rabin rumfar sun ce e a ranar farko. Mushe Gado sai ya zana da'ira cikin da'ira ya nuna mana inda jakin ya tsaya. Na biyu kuma, a yi maka tambaya, a ba ka bayani guda biyu, ba a son amsar, so ake ka faɗi ko bayanin ya isa a amsa. Wa ya fi tsawo tsakanin Ali da Musa? Bayani na ɗaya, Ali ya fi Sani tsawo. Na biyu, Sani ya fi Musa. Kowane shi kaɗai bai isa ba, in ka haɗa su sun isa.

Ni kuwa abin ya shiga kaina kamar da shi aka haife ni. Kafin Mushe ya ajiye alli na ɗaga hannu. Ya fara cewa sauran su yi koyi da ni, ni kuma kaina ya fara kumbura. Na zama fitina a gari. A fada in wani ya ce duk ƴan Yamai wayo ne da su, sai in tambaye shi ko ya ƙirga su duka. Wata rana Inna ta ce hadari ya taso, in kwashe mata garin da ta shanya, na ce mata ba kowane hadari ke zubar da ruwa ba, bayanin bai isa ba tukuna. (Ruwan ya zo. A ranar na gane bayanin muciya yana isa shi kaɗai.)

A rumfar akwai wata yarinya, Rakiya, ƴar Geceme, tana zaune gidan gwaggonta a Dutsi saboda karatun. Ba ta da surutu, amma in ta amsa tambaya ba a sake taɓa ta. Da farko gaisuwa kawai ke haɗa mu. Sai wata rana ta zo da ɗan kwano a ƙunshe cikin mayafi, ta ajiye gabana, ta ce gwaggonta ta ce a ba ni. Na buɗe, kopto ne na zogale, ya sha ƙuli da albasa. Bayan kwana biyu ta kawo dambu. Daga nan abin ya zama kusan kullum, ga samari cike da rumfa amma ni kaɗai ake ajiye wa kwano.

Sannan ta fara tambayoyi. Mu nawa ne a gidanmu? Asalinmu Matankari ne da gaske? Innarmu tana da faɗa? Mazan gidanmu suna da zafin rai? Ni kuma in gyara zama in ba ta amsa dalla-dalla, ina ƙara gishiri inda ya shafe ni.

To, a nan ya kamata in gabatar muku da yayana, Isuhu, ɗan farin gidanmu. Ɗan kasuwa ne, yana sayen wake da gujiya a kasuwannin ƙauye yana kaiwa bakin iyaka. Mutum ne da in ka ji ya yi magana doguwa to addu'a yake. Yana cikin samarin nan da suka riƙe sunna da ƙarfi, waɗanda ke cewa tsayuwa zance da budurwa a ƙofar gida ba tsari ba ne, in ka ga yarinya ka nemi manyanta. A ƴan watannin nan sai ya ɗauki wata sabuwar ɗabi'a, ya riƙa kai ni rumfar Mushe Gado bisa motonsa, wato babur, ya kuma dawo ɗaukata tun ba a tashi ba, ya tsaya can gefe yana duba waya. Na ce a raina, Allah sarki, mutumin nan bai yi karatun lakkol mai zurfi ba amma ya san darajar ilimi.

Wata rana ina kwance bayan azahar na ce bari in sa al'amarin Rakiya a ma'auni, yadda aka koya mana. Tambaya: Rakiya tana sona? Bayani na ɗaya, tana kawo mini abinci. Shi kaɗai bai isa ba, don wataƙila kyauta ce halinta. (Kun ga dai na yi adalci.) Bayani na biyu, tana binciken gidanmu. Shi ma bai isa ba, wataƙila son jin labari ne. Amma in aka haɗa su? Na tashi zaune. Na juya abin ta ɗaya hanyar don in tabbatar: duk budurwar da ke ciyar da saurayi tana kuma tambayar halin uwarsa, sonsa take. Rakiya tana ciyar da ni tana tambayar halin Inna. Saboda haka. Na zana da'irata a ƙasa, na sa Rakiya a tsakiya, ta zauna daram. Ban tsaya na tambayi kaina wa ya ba ni maganar farkon ba. Ni na ƙirƙiro ta a kan katifa.

Tun daga ranar na canja. Na fara aski duk mako. Na fara fesa turaren Isuhu. In Rakiya ta miƙo kwano sai in karɓa da wata murya mai taushi da ban san ina da ita ba. Ita kuwa sai ta yi murmushi ta ce in ci da kyau, ai na gida ne. Na gida! Na rubuta wannan a zuciyata a matsayin bayani na uku.

Ana nan wata safiya Inna tana tankaɗe, ba ta ko dube ni ba, ta tambaye ni ko yarinyar nan ta Geceme wajen karatunmu take. Na ce e. Ta tambayi hankalinta, na yi ta zuba yabo kamar maroƙi. Sai ta ce, idonta na kan rariya:

"To madalla. An ce yaron nan ya gani yana so."

Kowa a ƙasar Hausa ya san uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Tun da na buɗe ido a gidanmu, in Inna ta ce "yaron nan", Isuhu take nufi. Ni auta ne, sunana kuwa tana kiransa tun daga madafa har a ji a bakin titi. Amma a ranar kaina ya gaya mini kunyar maganar aure ce ta sa take zagayawa. Na sunkuyar da kai na ce, "Haka ne, Inna."

Ta ce, "Ashe kai ma ka sani."

Na ce ai ni na fi kowa sani. Ta ce to Allah ya sa alheri, na ce amin da ƙarfi.

Bayan girbi Baba ya kira ni ya ce ƙanensa, Baba Noma, zai zo daga Matankari, ni zan kai shi Geceme bisa moto, za a yi maganar yarinyar. A nan ma hankalina ya ɗan taɓa ni, ya ce, kai, yaushe ka taɓa ganin mai neman aure ya bi manya zuwa gidan surukai? Na amsa masa da cewa zamani ya canja, auren ƴan boko ne, wataƙila suna son su ga mutum da idonsu.

Na je wajen Isuhu na ce ya ara mini babbar rigarsa ta shadda, mai ruwan ƙasa. Ya dube ni ya ce tuƙi cikin rairayi da babbar riga wahala ne, amma ya ɗauko ya ba ni, har da hula. Ya cika mini tanki da mai. Da zai miƙo makulli ya ce in yi hankali, al'amarin nan yana hannuna. Na kama hannunsa da hannu biyu na ce ba zan manta da wannan alheri ba har abada, ba kowane wa ke yi wa ƙanensa haka ba. Ya kalle ni, ya ce moto ne kawai.

Muka kama hanya da sassafe, Baba Noma a baya rungume da ƙunshin goro. Tun da muka sauka daga kwalta rigar ta fara cika da iska kamar tanti, tana marin tsohon a fuska. Ya tambaye ni wane ne ya mutu ko wa aka naɗa da na yi wannan shiga. Na yi dariyar manya na ce ai rana ce babba. Ya ce babba ce kam.

A Geceme aka sauke mu a zauren Malam Bawa, wan mahaifin Rakiya, dogon tsoho mai farin gemu, tare da wasu dattawan unguwa. Aka kawo ruwa, aka kawo fura. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi hatsi, aka tambayi wake, aka tambayi mutanen Matankari ɗaya bayan ɗaya har da waɗanda suka rasu. Ni ina gefe na tanƙwashe ƙafa, kaina a ƙasa, ina kunya irin ta ango. Furar ma kurɓa ɗaya na yi na ajiye, don kada a ce mijin ɗiyarsu mai haɗama ne.

Can Baba Noma ya gyara murya ya tura goro gaba, ya ce sun zo neman iri ne, ɗansu ya ga ɗiyar gidan nan Rakiya. Malam Bawa ya ce labari ya iso musu ta wajen mijin gwaggonta, amma al'ada ce sai sun ji daga bakin masu abu. Yaron, mene ne sana'arsa? Yana da abin riƙe gida?

Baba Noma ya buɗe baki. Na riga shi.

"Gaskiya, Baba, yanzu dai ban kama aiki ba," na ce, cikin ladabi da natsuwa. "Amma ina shirin konkur, kuma malaminmu ya ce ina cikin na gaba. In Allah ya yarda Rakiya ba za ta wahala a hannuna ba."

Wani tsoho da ya kai goro baki ya tsaya da shi a haƙori. Baba Noma ya sa hannu ta ƙarƙashin rigar ya mintsine ni a cinya, mintsinin da ya yi mako yana mini gaisuwa.

Fuskar Malam Bawa ta canja. Ya ture goron kaɗan da bayan hannu.

"Mu dai ɗan kasuwa anka ce muna," in ji shi. "Ko ɗiyar tamu mutum biyu ta ba baki, wa da ƙane?"

"Isuhu munka zo ma," Baba Noma ya ce da sauri. "Wanga tuƙi ya kawo shi." Ya juyo gare ni. "Kai, wa ya ce maka kai ne?"

A cikin ƙiftawar ido komai ya jeru a kaina: moton da ke jirana tun ba a tashi ba, kwanon gwaggo, "na gida", "yaron nan". Da ƙasa za ta tsage da na gode mata. Amma ba a bar ni na mutu cikin sutura ba. Malam Bawa ya ce shi ba zai karɓi goro a kan magana mai ƙura ba. In yarinyar ta taɓa ba ni wata kalma, in faɗa yanzu, su naɗe tabarma, don gidansu ba a san su da raba kan ƴan'uwa ba. Na ga abin ya wuce kunyata. Auren yayana ne da mutuncin yarinyar da ba ta yi mini komai ba sai alheri suke lilo a bakina.

Na rantse ba ta taɓa ce mini komai ba, ko da wasa. Ya tambaya ko ta aiko wani. Na ce a'a. Ko ta rubuto a waya. A'a. Ya ce to daga ina na samo?

Na ce, da muryar da ni kaina da ƙyar na ji, "Lojik ne."

Wani tsoho a kusa da ƙofa ya matso ya tambaya ko sunan iska ne, don shi duk zamansa da ƴan bori bai taɓa jin wannan cikin su Doguwa ba. Na ce karatu ne. Malam Bawa ya ce to in karanta musu.

Haka na zauna, ni mai digiri, cikin rigar mutumin da na so in ƙwace wa mata ban sani ba, na karanta wa dattawan Geceme cewa duk budurwar da ke ciyar da saurayi tana tambayar halin uwarsa sonsa take, Rakiya kuwa tana kawo mini kopto. Ban ankara ba sai na ga yatsana yana zana da'ira a ƙasan zauren, don hannun ya saba. Suka leƙo suna kallo. Tsohon nan ya ce ai ga shi, har da bugun ƙasa.

Gemun Malam Bawa ne ya fara rawa. Ya yi ƙoƙarin riƙewa, ya kasa, ya fashe da dariya har da riƙe ciki, sauran suka bi. Daga bayan bango kuma sai ga dariyar mata, ashe duk suna laɓe suna ji, wata ma har da guɗa. Da ya samu numfashi ya jawo goron gabansa ya ce shi bai san zogalen gidansu yana da ƙarfi haka ba. Ya ce gidan da yaro zai faɗi wautarsa da bakinsa don ya wanke ɗiyar mutane, gida ne da za a ba mata. Aka yi addu'a, aka ba Isuhu Rakiya. Ni kuma aka turo mini sauran furar, aka ce in shanye tunda yanzu ba ni da surukai a wurin.

A hanyar dawowa na roƙi Baba Noma ya rufa mini asiri. Ya ce ba komai, ai tsakaninmu ne. Sai can in ji bayana yana girgiza, moto yana tangaɗi, ya ce "lojik" ya sake fashewa. Ashe ma wahalar banza na yi, waya ta riga mu isa. Mun tarar da Isuhu a ƙofar gida yana cije leɓe. Na sauka na kasa ɗaga kai. Ya dafa kafaɗata ya ce laifinsa ne da bai gaya mini ba, ya ɗauka kowa ya gane. Na fara cire rigar, ya ce in bar ta, na fi shi shan wahala a cikinta. Inna kuwa ta rufe fuska da gefen zane tana dariya har da hawaye, da ta lafa ta ce, "Kai kuma tun yaushe na fara jin kunyar sunanka?"

Na daina zuwa rumfar Mushe Gado. Na ce ko konkur ɗin ma a kai kasuwa. Rakiya ce ta aiko gwaggonta har gida da saƙo, cewa ita ba ta riƙe ni da komai ba, abincin kuwa ladabin dangin miji ne aka koya mata, tambayoyin kuma kowace mace tana yi kafin ta shiga gida. Ta ce in na bar karatu saboda ita, ba za ta iya haɗa ido da Inna ba. Na koma, na zauna can baya.

Mushe Gado ya miƙe. Ya ɗauki alli ya rubuta a allo: duk budurwar da ke ciyar da wani saurayi... Rumfa ta ɗauki tari. Ya ce ginin maganar nan daidai yake, ba inda ya karkace, a jarrabawa ma da an ba mai shi maki. Matsalar ita ce a takarda ba ka ake yi, ko an ce duk awaki suna tashi sama sai ka karɓa ka yi aiki da shi. A waje kuwa babu mai ba ka layin farko, sai ka je ka tambayo. Bai kama suna ba. Bai ma buƙata ba, duk wuyan da ke rumfar ya juyo baya.

Mun je Doso mun rubuta jarrabawar. Da sakamako ya fito ni da Rakiya duk mun ci, sunanta yana sama da nawa, abin da har yau ba ta bari ya kwana. Yanzu ƴaƴanta uku da Isuhu, kuma in na shiga gidan sai ta ƙwala wa yara kira su kawo wa mijinta na lojik ruwa, ta tambaye ni ko a haɗa mini kopto ko ina tsoron abin da zai biyo baya.

Ni dai abin da na tsira da shi ɗan kaɗan ne: in abu ya shafi zuciyar mutum, baki ya fi da'ira sauri, kuma ya fi ta arha. Da na haɗu da wadda na aura, ban auna komai ba. Na tambaye ta kai tsaye ko tana sona, ta ce e. Na ce ni ɗin nan da ke tsaye? Ta ce e mana. Na ce ta yi haƙuri da tambaya ta ƙarshe, ta tabbata ba ta taɓa ganin wani ɗan gidanmu bisa moto ba?